Dashen Ƙoda da Ɓargo: Me Ya Sa Jiki Yake Ƙin Baƙo?



Da wuya mako ya wuce ba a ji sanarwar neman taimako ba, a rediyo ko a Facebook ko a ƙofar masallaci bayan an idar da Juma'a. Wane ƙodarsa ta daina aiki, ya gaji da wankin ƙoda, likitoci sun ce sai dashe, ana neman miliyan kaza. Jama'a su yi karo-karo, ƙanensa ya ce ya ba da tasa guda, a yi aiki, a sallamo shi, a yi ta barka da arziki. A wurin mutanen gari magana ta ƙare ke nan. A wurin likitan da ya yi aikin kuwa, tsugune ba ta ƙare ba, don ya san cewa tun daga ranar da aka ɗinke cikin, jikin majiyyacin ya fara neman hanyar da zai halaka wannan ƙoda da aka kawo don ta cece shi. Dalilin hakan shi ne abin da nake so mu duba yau.

Likitoci suna raba dashe ne bisa tambaya guda: tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne ko sun bambanta? Idan mutum ya ƙone aka yanko fata daga cinyarsa aka rufe masa hannu, babu rigima, nasa ne aka mayar masa. Idan Hassan ya ba Husaini ƙoda, kuma tagwayen nan irin waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya ne, nan ma babu rigima. Akwai kuma dashe daga dabba zuwa mutum, wanda har yanzu a matakin gwaji yake. A 2022 an dasa wa wani mutum zuciyar alade da aka sauya wa ƙwayoyin gado a jihar Maryland ta Amurka, ya yi kimanin wata biyu ya rasu. Amma kusan duk dashen da kuke jin labarinsa, na ƙoda ne ko hanta ko zuciya, daga wani mutum ne zuwa wani mutum daban, mutane biyu da halittarsu ba ɗaya ba ce ko da ciki ɗaya suka fito. A nan gizo yake saƙar.

Allah Ya yi wa kowannenmu garkuwar jiki, rundunar fararen ƙwayoyin jini da ba ta barci, aikinta ta rarrabe ɗan gida da baƙo. To da me take ganewa? Ku tuna zamanin da, lokacin da ake gane mutum da tsagar fuskarsa: dogarin ƙofar gari ya dubi kumatunka ya san Bagobiri ne kai ko Babarbare, kafin ka buɗe baki. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ɗauke da irin wannan tsaga, wasu sinadarai ne a bayanta da likitoci suke kira HLA. Fararen ƙwayoyin jini suna zagayawa suna dubawa. Wadda ta zo da tsagar gida a bar ta ta wuce, wadda ta zo da wata daban a far mata. Ba ruwan wannan runduna da cewa ƙodar daga wurin mahaifiyarka ta fito, ko cewa gona aka sayar aka biya kuɗin aikin.

An daɗe ba a fahimci wannan ba. Likitocin farkon ƙarni na 20 sun ƙware wajen ɗinke jijiyoyin jini, suna dasa ƙoda ta fara fitar da fitsari, bayan 'yan kwanaki ta mutu, su rasa dalili. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe ƙofar gane lamarin. A Birtaniya an samu mutane da yawa da suka ƙone, fatar jikinsu da ta rage ba ta isa a rufe musu raunuka ba. Wani masanin halittu, Peter Medawar, tare da wani likitan fiɗa, Thomas Gibson, suka bi diddigin wata mata da ta ƙone a birnin Glasgow, wadda aka dasa wa fatar ɗan'uwanta. Kashin farko na fatar ya kama, ya ɗan jima, sannan ya lalace. Da aka sake dasa mata kashi na biyu daga wannan ɗan'uwan dai, sai ya lalace da sauri fiye da na farko. Sun wallafa wannan a 1943, kuma ma'anarsa babba ce: jiki yana gane baƙo, yana kuma tuna shi, idan ya dawo ya tarar an shirya masa. Irin tunawar da ta sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi, ita ce dai take kashe dashe. Medawar ya samu kyautar Nobel a 1960.

Saboda haka da likita Joseph Murray ya tashi yin dashen ƙodar da ya fara yin nasara mai ɗorewa, ranar 23 ga Disamba 1954 a birnin Boston, kauce wa matsalar ya yi gaba ɗaya. Majiyyacinsa, Richard Herrick, yana da ɗan tagwaici mai suna Ronald, wanda ya ba shi ƙodarsa. Sai da aka gwada zanen yatsunsu, aka kuma dasa wa ɗaya 'yar fatar ɗayan aka ga ta zauna lafiya, kafin aka tabbatar daga ƙwai ɗaya suke. Richard ya ƙara shekara 8 a duniya, har ya auri ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi suka haihu. Ronald kuwa, mai ƙoda ɗaya, sai a 2010 ya rasu, shekara 56 bayan aikin. Wannan ya isa amsa ga masu tsoron cewa wanda ya ba da ƙoda ya rage kwanansa, matuƙar dai an tantance lafiyarsa da kyau tun farko. Sai dai mutum nawa ne yake da ɗan tagwaici irin wannan? Sauran jama'a fa?

Amsar ta zo ta hanya biyu. Ta farko ita ce a nemo wanda tsagarsa ta fi kusa da taka. Wani likita Bafaranshe, Jean Dausset, shi ya fara gano ɗaya daga cikin waɗannan alamomi na HLA a 1958. Daga baya aka gane cewa a dunƙule ake gadonsu, dunƙule ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ku saurari lissafin nan da kyau, don ya shafi kowane gida. Tsakaninka da mahaifinka ko mahaifiyarka ko ɗanka, rabi ne ya dace. Tsakaninka da shaƙiƙinka, uwa ɗaya uba ɗaya, akwai damar ɗaya cikin huɗu ku dace gaba ɗaya, biyu cikin huɗu ku dace rabi, ɗaya cikin huɗu kuma ku zama kamar ba ku haɗa komai ba ta wannan fuska. Hausawa suna cewa ɗan'uwa rabin jiki, kuma ga shi mafi yawan lokaci ɗakin gwaji yana gaskata su. Ɗan'uba kuwa, wanda kuka haɗa uba kawai, a bisa al'ada iyakarku rabi, shi ma ba kullum ba. Don haka gida mai 'ya'ya ashirin daga ɗaki huɗu bai kai yawan da ake zato ba idan ana neman cikakkiyar dacewa. A dangin da ake yawan auren zumunci, wani lokaci akan dace da ɗan baffa ko ɗan kawu, don dunƙulen gadon yana zagayawa a cikin gida.

Kafin a kai ga HLA ma akwai rukunin jini, A da B da AB da O, wanda Karl Landsteiner ya fara ganowa a 1901. Ƙarin jini shi ma ai ɗaukar wani abu ne daga jikin wani a sa a na wani, kuma shi ne irin wannan aiki da ya fi yawa a asibitocinmu. Sannan akwai gwajin da ake yi dab da aiki, a haɗa ruwan jinin majiyyaci da ƙwayoyin jinin mai bayarwa a ga ko za su yi faɗa. Wannan gwaji ya kafu ne bayan binciken Paul Terasaki da abokin aikinsa a 1969. Idan suka yi faɗa a kwalba, to a jiki ƙodar tana iya yin baƙi ta mutu cikin mintoci ko sa'o'i, wani lokaci tun ba a rufe ciki ba.

Me zai sa jikin mutum ya riga ya shirya wa ƙodar da bai taɓa haɗuwa da ita ba? Abu uku ne kan jawo haka: dashen da aka taɓa yi a baya, ƙarin jini, da ciki. Na ƙarshen nan ya kamata mata su sani. Ɗan da ke cikin mahaifa rabinsa na ubansa ne, wato shi ma baƙo ne a jikin uwar, kuma ikon Allah ne da har yau masana suke nazari a kai yadda jiki yake haƙuri da shi wata tara. Amma wasu matan, musamman masu haihuwa da yawa, jikinsu yakan riƙe alamar mijin ya tanadi makami a kanta. Sai ranar da mijin ko ɗan da ta haifa ya ce zai ba ta ƙoda, gwaji ya nuna ba zai yiwu ba. A irin wannan hali akan ji dangi suna ƙananan maganganu, har da zargin ko ɗan ba nata ba ne ko wani ya yi asiri. Babu ko ɗaya. Haka kuma mai wankin ƙoda da ake yawan ƙara wa jini, kowace leda tana iya rage masa yawan mutanen da zai iya karɓa daga wurinsu, shi ya sa likitocin ƙoda suka fi son allurar da ke sa jiki ya ƙera jininsa, inda hali ya yi.

Hanya ta biyu ita ce a rage wa garkuwar jiki ƙarfi da magani. A farkon shekarun 1960 aka fara amfani da azatiyofirin haɗe da firednisolon da danginsa. Ana samun nasara, ana kuma asarar rayuka da yawa. Ku tuna dashen zuciya na farko a duniya, wanda Christiaan Barnard ya yi a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town a Afirka ta Kudu ranar 3 ga Disamba 1967. Majiyyacin, Louis Washkansky, kwana 18 ya yi. Zuciyar tana bugawa lafiya. Ciwon huhu ne ya kashe shi, don magungunan sun kwantar da garkuwar jikinsa har ta kasa kare shi. Wannan shi ne tsaka-mai-wuyar da ake ciki har gobe: ka rage magani jiki ya cinye dashe, ka ƙara magani cuta ta cinye mutum.

Abin da ya sauya lissafi wani magani ne da aka samo daga wata fumfuna a cikin ƙasar da aka ɗebo daga Norwe, ana kiransa siklosporin. Likita Roy Calne na Cambridge ya fara gwada shi a kan masu dashen ƙoda a 1978, Amurka ta amince da shi a 1983. Bayansa aka samu takrolimus daga wata ƙwayar halitta a ƙasar yankin Tsukuba na Japan a 1984, kuma shi ne yau ginshiƙin maganin mafi yawan masu dashe. Da waɗannan magunguna ne ya zama miji yana iya ba matarsa ƙoda, aboki ya ba abokinsa, ba tare da sun haɗa jini ba, kuma ta yi aiki shekaru. Ƙodar da aka karɓa daga mai rai takan kai shekara 15 zuwa 20 tana aiki, wata ta wuce haka, wata ba ta kai ba.

To amma a lura, magungunan nan ba sa sa jiki ya manta. Danne shi kawai suke yi. Mai dashen ƙoda zai sha su safe da dare, a kan lokaci, muddin ƙodar tana jikinsa. Zai riƙa zuwa ana auna yawan maganin a jininsa, don idan ya yi yawa shi kansa takrolimus yana lahanta ƙodar. Yana cikin haɗarin tarin fuka da sauran cututtuka masu yaɗuwa, da ciwon suga, da hawan jini, da wasu nau'o'in sankara. Wani maganin tarin fuka, rifamfisin, yana zubar da ƙarfin takrolimus a jiki, saboda haka ko wane asibiti ya je dole ya fara da cewa shi mai dashe ne. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da 'yan dubiya suke kawowa da kyakkyawar niyya, a ajiye su sai an tambayi likita. Azumi ma sai an zauna da likita an tsara lokutan shan magani, ko ya ce a dakata. Kuma ƙin dashe ba kullum yake zuwa da zazzaɓi ko ciwo ba. Akwai mai zuwa a makonni ko watannin farko, wanda in an gano da wuri ana iya shawo kansa. Akwai kuma mai cin ƙodar a hankali shekara da shekaru, mutum yana jin garau, sai gwajin jini ne kawai zai tona shi. Wanda ya ce ya warke ya ajiye magani wata biyu don kuɗi sun yanke, yana iya komawa kan injin wanki, ga ɗan'uwansa ya riga ya rasa ƙoda guda a banza.

Akwai wurin da jiki yake sassautawa. Baƙin ido, wato wannan fatar gilashi da ke gaban ido, ba shi da jijiyoyin jini, don haka rundunar ba ta cika kai masa farmaki ba. Shi ya sa tun 1905 likita Eduard Zirm ya yi nasarar dasa shi, shekaru da dama kafin a san wani abu wai shi HLA, kuma har yau mafi yawan masu wannan dashe maganin ɗigawa ya ishe su.

Dashen ɓargo kuma labarinsa juyin na ƙoda ne, kuma ya shafe mu ƙwarai saboda sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Ɓargo shi ne masana'antar jini, kuma daga cikinsa garkuwar jiki take fitowa. Idan za a yi dashe, sai a fara kashe ɓargon majiyyaci da magunguna masu ƙarfi, sannan a ɗura masa na wani ta jijiya kamar ƙarin jini. Ke nan rundunar da za ta zauna a jikinsa ta mai bayarwa ce. A dashen ƙoda jiki ne yake ƙin baƙo. A dashen ɓargo baƙon ne yake iya juyowa ya ƙi jikin da ya sauka a ciki, ya far wa fata da hanji da hanta. Wannan cuta tana kisa, shi ya sa dacewar HLA ta fi tsanani a nan fiye da a ƙoda. A 1968 aka fara yin nasarar irin wannan dashe a jihar Minnesota ta Amurka, inda likita Robert Good ya dasa wa wani jariri ɓargon 'yar'uwarsa. E. Donnall Thomas, wanda ya share shekaru yana wannan aiki a Seattle, shi ya raba kyautar Nobel da Joseph Murray a 1990.

Wani abin mamaki a nan shi ne bambancin da muke ta kuka da shi yana da ranarsa. Mai sankarar jini da aka dasa wa ɓargon ɗan tagwaicinsa ya fi fuskantar dawowar cutar fiye da wanda aka dasa wa na shaƙiƙinsa da ba tagwai ba. Dalili kuwa, sabuwar rundunar tana ganin ragowar ƙwayoyin sankarar a matsayin baƙi ta bi su ta kashe, abin da ɓargon ɗan tagwaici ba ya yi sosai.

Ga mai sikila, idan yaro ne kuma aka samu shaƙiƙin da suka dace gaba ɗaya, ana warkar da fiye da tara cikin goma a cibiyoyin da suka ƙware. Mai bayarwa yana iya zama AA ko AS, kuma ɓargonsa yana mayar da kansa cikin 'yan makonni. Idan abu ya yi kyau, bayan wani lokaci ana iya daina maganin danne garkuwa gaba ɗaya, saɓanin mai ƙoda. Amma ba kowa yake da irin wannan shaƙiƙi ba, aikin yana iya hana haihuwa, kuma wanda ya warke jininsa ne ya sauya, abin da zai gadar wa 'ya'yansa yana nan yadda yake. Gwajin jini kafin aure bai faɗi a kansa ba. A Najeriya an fara dashen ɓargo ga mai sikila a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin jagorancin Nosakhare Bazuaye.

Ta fuskar ƙoda mun riga haka farawa. Asibitin St. Nicholas da ke Legas ya yi dashen farko a ƙasar a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi baya a 2002. Ta fuskar addini ma malamai sun daɗe da yin magana: Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashen sassan jiki bisa sharuɗɗa, ta kuma hana sayar da su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana cinikin sassan jiki. Kowa ya ji yadda wata kotu a Landan ta yanke wa tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, Ike Ekweremadu, ɗaurin shekara 9 da wata 8 a 2023, kan kai wani matashi ɗan tireda daga Legas don a cire masa ƙoda. Ni a ganina, bayan haramcin abin, akwai wauta a cinikin ƙoda ta ɓoye: wanda ya sayar ba mai bin lafiyarsa, wanda ya saya kuma sau da yawa yakan dawo gida ba cikakkiyar takardar gwaji, ba likitan da ya san tarihinsa.

Inda nake ganin mun gaza shi ne nan. Gwamnoni da attajirai suna son biyan kuɗin tiyata, don rana ɗaya ce kuma ana ɗaukar hoto. Kuɗin takrolimus na wata-wata, da gwajin jini, da kuɗin mota daga Gashuwa ko Haɗeja zuwa Kano ko Maiduguri ganin likita, ba mai ɗaukar hotonsu, su ne kuma suke yanke hukuncin ko ƙodar za ta rayu. Yankunan nan da na ambata sun daɗe suna kuka da yawan ciwon ƙoda, kuma da yawa daga masu fama da shi manoma ne da masunta da ƙananan ma'aikata.

Saboda haka kirana ga hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi shi ne su sa magungunan bayan dashe da gwajinsu cikin abin da suke biya, ba tare da wa'adi ba. Ku kuma 'yan kwamitin neman taimako, kafin ku rubuta adadin da kuke nema, ku zauna da likita ya lissafa muku kuɗin magani da gwaji na shekarun da ke tafe, ku haɗa da na aikin, ku faɗa wa jama'a gaskiyar jimillar tun daga farko.